Kunnen Zomo, Zuciyar Agwagwa

Ni dai tun farko na ce wa Orlin kada ya shiga shagon wayar nan shi kaɗai. Ƙanena ne, na san halinsa. Idan ka nuna masa abu mai ƙyalli ka ce garaɓasa ce, zai sa hannu ko da takardar sayar da ƙafarsa ce. Bai ji maganata ba. To, dama a lokacin ba ya jin maganar kowa, abin da ya kai shi shagon ke nan. Rayuwarsa duk a ƙarƙashin taraktocin mutanen garin nan ta ƙare yana gyara, ƙarar inji ta cinye masa kunne tas. Sai ka tsaya a gabansa kana ihu har jijiyar wuyanka ta tashi, shi kuma yana kallonka yana murmushi yana cewa, "I, sanyi kam akwai shi."

Kamfanonin layin waya biyu ne suke iso mana nan ƙuryar Dakota ta Arewa. Ba mai wahalar da bakinsa da sunayensu. Ɗaya zomo ne a tambarinsa, ɗayan agwagwa, saboda haka kowa a garinmu ko ɗan Zomo ne ko ɗan Agwagwa. Wayar da suke sayarwa kuwa ɗaya ce, daga masana'anta ɗaya, har kwalin iri ɗaya ne. Sai dai kowane kamfani ya biya masu ƙera ta sun toshe wani abu a ta abokin hamayyarsa. Ta Zomo tana da tocila, ta Agwagwa an kashe mata. Ta Agwagwa tana gaya maka yanayin gobe, ta Zomo sai dai ta ba ka labarin na jiya. Mun saba. Idan wuta ta ɗauke ka leƙa gidan ɗan Zomo, idan za ka yanke alkama ka tambayi ɗan Agwagwa.

Orlin ya dawo daga shagon da sabuwar wayar Zomo da wasu 'yan na'urorin ji guda biyu kamar ƙwayar wake, ɗaya a kowane kunne. Ina gidansu ran nan, na kai wa matarsa Arlys kwanon gashin namanta da ta yi ta yi mini gori a kansa. Ya shigo yana washe baki, bai ko karkaɗe ƙanƙarar takalminsa ba.

Na ce a hankali, don in gwada shi, "Ga sakarai ya dawo."

Ya juyo. "Yaya, ni ne sakaran?"

Allah ya sani, sai da idona ya kawo ruwa. Na manta rabon da in zagi yaron nan ya ji.

Arlys ta saki abin da take wankewa, ta goge hannu a gaban rigarta, ta zo ta tsaya a gabansa. Ta ce, "Tsoho, kana ji na?"

Ya ɗan karkata kai, ya yamutsa fuska, ya dubi bayanta. Ya ce, "Firjin nan ya fara ƙugi. Gobe zan duba shi."

Abin da aka sayar masa, ashe, yana da wata fasaha da suke kira Muryar Gida. Na'urar tana tace hayaniya ta bar maka muryar mutane tsaf. Amma mutum a wurinta shi ne wanda ya yi rajistar muryarsa da Zomo. Duk wanda ba shi a ciki, ta haɗa shi da iska da injin wanki da haushin kare, ta danne. Ni 'yar Zomo ce tun fil azal, saboda tocila. Arlys kuwa 'yar Agwagwa ce, kuma ba da son ranta ba. Akwai wata 'yar na'ura da likitoci suka dasa mata ƙarƙashin ƙashin wuya, mai lura da bugun zuciyarta tana aika wa asibiti a birnin Fargo, wadda ba ta magana da kowace waya sai ta Agwagwa. Murya kuma idan ka ba wa kamfani ɗaya, ɗayan ba ya karɓa. Kunnen miji yana hannun Zomo, zuciyar mata tana hannun Agwagwa, su biyun kuma suna kwana a gado ɗaya.

Da farko gari ya ɗauki abin abin dariya. Fastonmu ɗan Agwagwa ne, don haka Orlin yakan zauna a coci ran Lahadi cikin kwanciyar hankali, bai san an yi wa'azi ba. Idan aka tashi waƙa, a duk ƙungiyar mawaƙan mutum biyu kawai yake ji, kuma su ne waɗanda shekara da shekaru ake ɓoye muryarsu a layin baya. Ya fito yana tambayata ko wani ne ba shi da lafiya. Maza a wurin shan kofi suka riƙa dukan kafaɗarsa suna cewa ya ci riba, wasu har suna tambayar ko shagon yana buɗewa ran Asabar.

A gida ba a yi dariya ba. Ni aka kira.

Ni da Arlys ba ƙawaye ba ne, gara in faɗa. Tun ranar bikinsu da ta ɗanɗana gashin dankalina ta ce "ba laifi", muke zaman gaisuwa da kallon gefen ido. Amma ga shi kullum da hantsi ina zaune a tsakiyar teburin kicin ɗinta, ita a dama shi a hagu, ina aikin tafinta tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya.

"Yaya Verna, ce masa ya kwashe ƙarafan nan daga kan injin wanki."

"Ta ce ka kwashe tarkacenka."

"Ban ce tarkace ba."

"Tarkace ne ai."

Orlin ya ce, "Me ta ce?"

"Da ni take."

"To ce mata ba ƙarafa ba ne, kafireto ne, kuma na mutane ne."

"Tana jin ka, kai ne kurman."

Ya juya cokali a kofi. Can ya ce, "Abin da ya fi damuna, Yaya, yanzu faɗan nata da muryarki yake zuwa. Mutum ya auri mace don ya huta da yayarsa, ƙarshe a haɗa masa su a baki ɗaya."

Na fassara wa Arlys duk da ta ji, don kada aikin ya zama rabi. Ta yi dariya har da riƙe ƙirji. Shi kuma ya ga bakinta a buɗe, kafaɗunta suna rawa, bai ji komai ba. Na ga yadda ya sunkuyar da kai, abin ya sosa mini rai, sai na tashi na ƙara kofi da ba wanda ya nema.

Haka muka ci rabin hunturu. Sai ranar da na kai ta Fargo ganin likita, domin Orlin yana fama da wata tarakta da aka ce sai an gama ta kafin narkewar ƙanƙara. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ban tambaye ta ba, mu nan ba a tambaya. Sai da muka bar gari, hanya ta miƙe fara fat hagu da dama, sannan ta ce, idonta a kan gilashi:

"Za su buɗe ƙirjin. Mako mai zuwa."

Na ce, "To."

"Na tambaye shi ko zan tashi. Ya ce yawanci ana tashi."

"Yawanci."

"Haka ya ce."

Na riƙe sitiyari da kyau. Na ce bari mu isa gida in gaya wa Orlin, ko ta rubuta masa a takarda.

Ta juyo ta dube ni kamar na ce ta zuba sukari a miya. "Wannan ba saƙon sayo madara ba ne da zan manna a jikin firji. Kuma, Yaya Verna, kada ki ji haushi, ba da bakinki zai ji ba. Shekara arba'in da ɗoriya, duk wani abu mai nauyi da ya same mu, ni na gaya masa. Haihuwar 'yarmu ni na gaya masa. Rasuwar mahaifiyarku ni na gaya masa. Wannan ma ni zan gaya masa, ya ji da muryata, kafin su kwantar da ni."

Ban ji haushi ba. Na ɗan ji, amma na ga gaskiyarta.

Washegari na ɗauke ta muka tafi shagon Zomo da ke babban garin gundumarmu. Manajan wani mutum ne mai suna Trent, ya kai hamsin, gashi ya ƙare a tsakiya, an sa shi ya saka riga mai kunnuwan zomo a aljihu. Tun daga ƙofa ya fara murmushi.

"Sannunku da zuwa, iyayena. Me Zomo zai yi muku yau?"

Na ce, "Zomo zai buɗe kunnen ƙanena ya ji matarsa."

Ya danna kwamfuta, ya gyaɗa kai cike da tausayi. Ya ce abu mai sauƙi ne, Arlys ta dawo Zomo kawai.

"Zuciyarta fa?"

"A, to. Zuciyar za ta ci gaba da bugawa, wannan ba mu hana ba. Asibiti ne dai ba zai sani ba."

"To shi ya koma Agwagwa."

"Zai iya. Sai dai na'urorin kunnen za su kulle kansu. Amma suna da kyau wajen toshe kunne idan ana iyo."

"Ta riƙe waya biyu."

"Waya ko goma, ranki ya daɗe. Murya ce ɗaya. Tata tana wurin su Agwagwa, mu kuma yarjejeniya ta hana mu taɓa ta. Ko gaisuwar da ta yi mini yanzu, a ƙa'ida ban ji ba."

Na dafa teburin da hannu biyu. Na ce, "Ɗan nan, waya ɗaya ce. Na ga ta mijin, na ga ta matar, ko uwar da ta haife su ba za ta bambance su ba. Abin yana ciki, ku kuka rufe. Ka danna abin da za ka danna."

Ya rage murya, ya dubi ƙofa. "Mama, matata 'yar Agwagwa ce. Hotunan jikokinmu da take turo mini, kawunan ba sa zuwa. Wallahi da akwai abin dannawa da na fara danna wa kaina."

Sai na rasa wanda zan zaga, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

Da muka juya za mu fita ya kira mu. Ya ce akwai wani tsari, Baƙon Murya. Ana buɗe wa wanda ba ɗan gida ba ƙofa na ɗan lokaci, sau ɗaya a wata, kyauta. "Kyauta ne saboda masu talla ne suke ɗaukar nauyi," in ji shi, yana kallon takalminsa. Arlys ta ce a ba ta. Ni na so in tambayi me hakan yake nufi, amma na ga yadda fuskarta ta yi haske, sai na haɗiye.

Da la'asar ta shirya. Ta saka rigar da take zuwa coci da ita, ta gasa burodin ayaba, ta sa Orlin ya wanke hannu har gwiwa. Na ce zan tafi, ta ce in tsaya in danna musu wayar. Na danna. Wayar ta yi wani ɗan kuka.

Arlys ta ce, "Orlin."

Cokalin hannunsa ya faɗi. Ya dube ta baki buɗe. Ya ce, "'Yar tsohuwa. Ashe haka muryarki take."

Ita kuma, don Allah ku ji, duk da lokacin da aka auna mata kamar maganin tari, abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Sau nawa zan ce ka daina shigo mini da takalmi kicin?"

"Sake faɗa," in ji shi, yana dariya, ido jawur.

Na zungure ta a ƙarƙashin tebur. Ta ja numfashi, ta kama hannunsa.

"Orlin, ka saurare ni. Jiya likita ya duba zuciyata..."

Idonsa ya bar kanta ya koma sama. Ya ɗaga yatsa, alamar ta dakata. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Wai akwai alewar cakulan mai siffar zuciya, an rage mata kuɗi. Kina so?"

Ashe na'urar kalma take kamawa. Duk kalmar da ta yi kama da abin sayarwa, sai ta yanke mai magana ta sako talla a kunnensa. Arlys ta jira ya dawo, ta sake farawa. Ta ce "asibiti", aka kawo masa inshora. Ta ce "mako mai zuwa", aka gaya masa ranar da za a fara gwanjon tayoyin hunturu. Ta yi ƙoƙarin zagaye kalmomin, ta ce "za su yanka", ya ce wai akwai injin yankan ciyawa da ke tuƙa kansa. Shi a zatonsa wasa ne, yana maimaita mana kowace talla da muryar mai tallar, yana jin daɗi, don ya daɗe bai ba ta dariya ba.

Daga ƙarshe ta matse hannunsa ta ce, "Tsoro nake ji."

Ya kasa kunne. Ya ce, "Ƙararrawar ɓarayi. Har da kyamara a bakin ƙofa."

Wayar ta sake ɗan kukan nan. An rubuta a fuskarta cewa Zomo ya gode da ziyara, sai wata mai zuwa.

Arlys ta saki hannunsa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tattara ɓarɓashin burodi da gefen hannu ta tara shi wuri ɗaya. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shi ke nan, Yaya Verna. Gaya masa kawai."

Na buɗe baki. Sai na fasa. Ba tausayi kaɗai ba ne, haushi ne. Wasu mutane da ba su taɓa taka garin nan ba sun zauna a wani ofis sun raba waya gida biyu, yau kuma a ce ni zan ari bakina a ƙarasa musu aiki.

Na ce, "Orlin, dube ni. Matarka tana da magana, babba ce, kuma ba za ta bi ta bakina ba ko za a yanka ni. Ta yi iya yinta. Kai ne mai gyara, ka san yadda za ka yi."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dube ni, ya dubi rigar cocin da ke jikinta a ranar da ba Lahadi ba. Ya sa yatsa ya zaro na'urorin daga kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su kusa da kwanon man shanu. Ya tashi ya fita. Muka ji ƙofar gareji.

"Ya gudu," in ji Arlys. "Haka yake yi. Zai je ya kwance wani abu da ba abin da ya same shi."

Ni ma abin da na zata ke nan, ina ma shirya abin da zan je in gaya masa.

Sai ga shi ya dawo da wata doguwar sukudireba, tsawon hannu, irin wadda makanikai suke ɗora bakinta a jikin inji su manna ƙotar a ƙashin bayan kunne don su ji abin da ke faruwa a ciki. Ya wanke ta a famfo da sabulu. Ya riƙe bakin ƙarfen a tafin hannunsa har ya yi ɗumi. Ya jawo kujera ya zauna dab da ita, ya naɗe bakin da gefen tawul, ya ɗora a kan ƙashin ƙirjinta a hankali, ya sunkuyo ya danna ƙotar a bayan kunnensa. Ya rufe ido.

Ya daɗe a haka. Ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Akwai bawul ɗin da ba ya rufewa daidai."

Arlys ta ce, "Na sani."

Ya ɗan zabura, amma bai ɗaga kai ba. "Na ji wannan. Yi magana, 'yar tsohuwa. Tana zuwa ta ƙashi."

Ta ɗora hannu a kan furfurarsa, ta fara. Ba ta ɗaga murya ba, ƙasa-ƙasa ta yi, yadda ni da nake zaune a tebur ɗaya da su ban kama ko kalma ba. Wata da watanni duk abin da ya shiga tsakaninsu sai ya ratsa ta kaina, yau ga ni zaune kamar tukunyar fure. Na ga bakinta yana motsi, na ga ya sa ɗayan hannun ya tallafi ƙarfen don kada ya goce. Ruwa ya gangaro ta gefen hancinsa ya ɗiga a kan rigar cocin.

Ta gama.

Ya ce, "Sake faɗa."

Ta ɗan ja baya, fuskarta ta faɗi. Ta dube ni, ta ce, "Bai ji ba."

"Na ji," in ji shi, kansa yana nan inda yake. "Duka na ji. Ranar Talata, da abin da likitan ya ce, da tsoron. Ni ma ina jin sa. Ki dai ci gaba da magana, ko ta takalmin ce."

Na ɗauki kwat ɗina da makullin mota na fita a hankali. Ba wanda ya ce mini sai gobe.